Kurakuran masu tara ƙananan jiragen ruwa na katako

Kuskuren farko tun a wurin saye ake yin sa. Mutum ya ga an rubuta Victory 1765 a gindin ɗan jirgi, sai ya ɗauka shekarun abin da ke hannunsa ke nan. A'a, wannan shekarar da aka tura ainihin jirgin yaƙin Ingila mai suna Victory cikin ruwa ce. Samfurin kuwa wataƙila bara aka sassaƙa shi a Morishas ko Biyetnam, inda ake yin irinsu da yawa domin 'yan yawon buɗe ido. Ba laifi ba ne ka saya don ado, amma kada ka biya kuɗin kayan tarihi. Tambayi mai sayarwa hannun da jirgin ya bi kafin ya iso gare shi. In ya fara kame-kame, ka rage tayi.

Tsofaffin samfuran tarihi na gaske ba su da yawa. Waɗanda aka yi wa hukumar sojan ruwan Ingila tsakanin wajen 1650 da 1750 yawanci ma'auninsu 1:48 ne, wato ainihin jirgin ya ninka samfurin sau 48 a tsawo, kuma da gangan ake barin ƙasansu a buɗe don a ga haƙarƙarin jirgin. Da dama suna gidan tarihin Girinic a Landan da makarantar sojan ruwa ta Anafolis a Amurka. Wanda bai sani ba sai ya ce ba a gama aikin ba, har ya nemi kafinta ya rufe masa!

Nan ne babbar ɓarna take, wato gyaran ganganci. Jirgi ya yi duhu, mai shi ya goge shi da samfefa, ya shafa masa sabon fenti, ya tsinke tsofaffin igiyoyi ya sa na leda. Ya yi kyau a ido, amma darajarsa ta tafi, domin tsohon fentin da igiyar su ne shaidar shekarunsa. Ni a ganina gara jirgi mai karyayyen jigo da wanda aka yi wa wankan amarya. Ƙura kawai za ka cire, da burushi mai laushi, ba ruwa, ba tsumma. In wani abu ya ɓalle, adana shi a ambulan. Kada ka kusanto da Super Glue: masu gyara na ƙwarai gam ɗin fata suke sawa, saboda ana iya warware shi gobe.

Sai wurin ajiya. Rana tana kashe launi, tana busar da zare. Katako kuma yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu har ya tsage, don haka a sa shi cikin akwatin gilashi, nesa da taga da iskar na'urar sanyaya ɗaki. A guji akwatin itacen da Turawa ke kira oak, domin tururin da yake fitarwa yana cin ƙananan bindigogi da angar da aka yi da darma, su koma farin gari. Idan ka ga garin katako a ƙarƙashin jirgin, ƙwaro ya shiga, ka raba shi da sauran nan take.