Yadda Ake Haɗa Kwamfutar Wasanni da Hannu

Yawancin masu sha'awar haɗa kwamfutar wasannin bidiyo da kansu sukan fara ne da tambayar furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar da ke aiwatar da umarni: na Intel za a saya ko na AMD? Tambayar tana da muhimmanci, amma akwai wadda ta riga ta. Kafin a sayi ko da kusa ɗaya, a yanke shawara a kan sikirin da za a riƙa kallo, domin shi ne ke ƙayyade nauyin aikin da sauran kayan za su ɗauka. Sikirin mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, wanda aka fi sani da 1080p, yana da ɗigon hoto miliyan 2 da ɗoriya. Na 1440p yana da kusan miliyan 3.7, shi kuwa 4K ya haura miliyan 8, wato ninki huɗu na 1080p cif. Kowane ɗigo sai an lissafa launinsa da haskensa, kuma wannan lissafi ake so a maimaita sau 60 a daƙiƙa ɗaya idan sikirin mai 60Hz ne, sau 144 idan mai 144Hz ne. Wanda ya san girman sikirinsa da saurinsa ya riga ya san irin katin hoton da yake buƙata, wato na'urar da ke zana abin da ke fitowa a sikirin, daga nan kuma sauran zaɓin sai ya zo da sauƙi.

Irin wasan da ake so ma yana da tasiri. Wasannin gasa kamar Counter-Strike 2 da Valorant ba su cika wahalar da katin hoto ba, musamman a 1080p, amma masu buga su suna neman hotuna ɗaruruwa a daƙiƙa, kuma a nan furosesa ne ke fara gajiya. Manyan wasanni masu faɗin duniya da yalwar haske, irin su Cyberpunk 2077, nauyinsu a kan katin hoto yake faɗawa, kuma gwargwadon yawan ɗigon sikirin gwargwadon ƙaruwar nauyin. Saboda haka haɗa furosesa mafi tsada da ƙaramin kati domin buga wasa a 4K kamar ɗora wa jaki kayan raƙumi ne, alhali raƙumin yana tsaye a gefe ba ya ɗauke da komai.

Katin hoto shi ya kamata ya ci kaso mafi tsoka na abin da aka ware, kuma a nan ya dace a fi ɓata lokaci. Kamfanoni uku ne ke fitar da su: Nvidia mai GeForce, AMD mai Radeon, da Intel da ya shigo fagen da Arc a 2022. Bayan ƙarfin katin, a duba ma'ajiyarsa ta kansa, wadda ake kira VRAM, domin manne take a jikinsa, ba a iya ƙara ta daga baya. A ganina, 8GB ya fara zama ƙunci ko a 1080p idan ana son sababbin wasanni a saiti mai kyau, kuma mai nufin 1440p bai kamata ya sauka ƙasa da 12GB ba, 16GB kuwa ya fi kwanciyar hankali. Idan ma'ajiyar ta cika, abin da ake gani shi ne wasan yana tafiya yana sarƙewa, ko bango da tufafin 'yan wasa su fito dishi-dishi, ko da kuwa katin yana da sauran ƙarfi.

Akwai kuma fasahar da ta sauya lissafin gaba ɗaya cikin 'yan shekarun nan. A 2018 Nvidia ya fito da jerin RTX 20 tare da fasahar bin sawun haske, wadda ke lissafa yadda haske ke sauka a kan abu ya koma wani wuri, sai kuma DLSS, wanda ke zana hoton a ƙaramin ma'auni sannan ya faɗaɗa shi da taimakon ƙirƙirarriyar basira. Fitowar farko ba ta burge mutane sosai ba. Sai da DLSS 2.0 ya zo a 2020 aka fara ɗaukarsa da muhimmanci. AMD ya biyo da tasa fasahar faɗaɗa hoton, FSR, a 2021, Intel kuma da XeSS a 2022. Faɗaɗa hoto ya kai matsayin da babu dalilin ƙin kunna shi a 1440p ko 4K. Abin da ke buƙatar hattara shi ne ƙirƙirar hotunan tsakani, wadda ta zo da DLSS 3 a 2022, inda katin ke ƙago hoto ya cusa tsakanin hotuna biyu na ainihi. Adadin da ke saman sikirin zai ninka, motsi zai yi santsi a ido, amma wasan ba zai ƙara saurin amsa hannu ba, hasali ma jinkirin kan ɗan ƙaru. Tana da amfani idan wasan ya riga ya kai wajen hotuna 60 a daƙiƙa da ƙarfin kansa. Kada a sayi ƙaramin kati da fatan ita za ta cike giɓin, kuma idan ana kwatanta katuna, a nemi alƙaluman da aka auna ba tare da ita ba.

Furosesa da uwar allo, wato madabod, babban allon da ake haɗa sauran kayan a jikinsa, tare ake zaɓensu, domin kowane furosesa yana da soket ɗin da yake zama a ciki. A ɓangaren AMD, soket AM5 da ya fito a 2022 tare da Ryzen 7000 ba ya karɓar RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, sai irin DDR5, yayin da tsohon AM4 ke aiki da DDR4. A ɓangaren Intel, soket LGA1700 ya ɗauki furosesan ƙarni na 12 da na 13 da na 14, kuma a cikin allunansa akwai masu DDR4 akwai masu DDR5, don haka a karanta da kyau kafin a saya, tunda ramin ɗaya ba ya karɓar ɗayan. LGA1851 na Core Ultra 200S, wanda ya zo a 2024, DDR5 kaɗai yake ɗauka. Ga mai wasa zalla, furosesa mai ƙwaya 6 ko 8, wato sassan lissafi da ke cikinsa, ya wadatar. Waɗanda sunansu ya ƙare da X3D, tun daga Ryzen 7 5800X3D na 2022 zuwa 7800X3D da 9800X3D, sun yi fice ne saboda ma'ajiyar kusa ta L3 mai 96MB da ke rage yawan zuwan furosesa wurin RAM neman bayanai, abin da wasanni ke amfana da shi ƙwarai.

Game da RAM, 16GB yana aiki, 32GB ya fi dacewa da sabuwar kwamfuta, kuma a saye shi sanda biyu a kwali ɗaya maimakon sanda guda, domin furosesa ya riƙa ɗiba ta hanyoyi biyu lokaci ɗaya. Ma'ajiyar dindindin kuwa ba ta buƙatar dogon tunani: SSD irin NVMe mai 1TB ko 2TB. Na PCIe 4.0 yakan kai wajen 7000MB a daƙiƙa, na SATA kuma wajen 550MB, sai dai bambancin da mai wasa ke ji a zahiri bai kai tazarar waɗannan alƙaluma ba. Gidan kwamfutar, a tabbatar tsawon katin hoto da tsayin na'urar sanyaya furosesa za su shiga, kuma gabansa yana da raga da iska za ta ratsa.

Akwatin wuta, wanda ke rarraba wa kayan lantarki, shi ne wurin da sababbin masu haɗawa suka fi yin tsimi, kuma shi ne wurin da tsimin ya fi haɗari, domin idan ya lalace yana iya tafiya da wasu kayan. Manyan katuna suna shan wuta sosai: RTX 4090 an ƙayyade masa wat 450, RTX 5090 kuma wat 575, ban da ɗan tsallen da sukan yi na ƙiftawar ido sama da haka. A bi adadin da mai ƙera katin ya ba da shawara, a bar sarari a sama. Tambarin 80 Plus, ko Bronze ne ko Gold, yana nuna yawan wutar da ba ta salwanta ta zama zafi ba ne kawai, ba shaida ba ce ta ingancin kayan ciki, don haka a nemi sakamakon gwajin wannan samfurin takamaimai. Idan katin yana amfani da sabuwar mahaɗa mai fil 16, wadda ke iya ɗaukar wat 600, a zaɓi akwati mai ƙa'idar ATX 3.1, a tura mahaɗar har sai ta shige gaba ɗaya babu ko siririn giɓi, kuma kada a lanƙwasa wayar daf da bakinta. An samu rahotannin narkewar irin wannan mahaɗa tun 2022, kuma rashin shigar ta sosai yana cikin dalilan da aka gano. Haka nan, kada a taɓa amfani da wayoyin wani akwatin wuta a jikin wani, ko da bakinsu ya shiga daidai, domin tsarin fil ɗinsu ba ɗaya ba ne.

Haɗawar kanta ta fi sauƙi idan aka fara ta a wajen gidan. A ɗora uwar allo a kan kwalinta, a taɓa wani ƙarfe tukuna domin sauke lantarkin da ke taruwa a jiki. A buɗe soket, a daidaita ɗan alamar kusurwa uku da ke gefen furosesa da ta soket, a ajiye shi a hankali ba tare da dannawa ba. A AM5 da soket ɗin Intel, siraran fil ɗin suna jikin allon ne, kuma lanƙwashewar guda ɗaya ta isa ta hana kwamfutar tashi. A saka sandunan RAM a rami na biyu da na huɗu idan aka ƙirga daga furosesa, waɗanda galibi ake rubuta wa A2 da B2, a danna har maƙallin ya yi ƙara. A saka SSD a ramin M.2 mafi kusa da furosesa. Sannan a ɓare ledar da ke ƙasan na'urar sanyaya, wadda mutane da yawa ke mantawa da ita, a ɗiga man ɗaukar zafi kamar ƙwayar wake a kan furosesa idan ba a riga an shafa shi daga masana'anta ba, a ɗaure kusoshin a gicciye, kaɗan-kaɗan, domin matsin ya daidaita.

Daga nan a mayar da allon cikin gida bisa 'yan ginshiƙan da ke raba shi da ƙarfen gidan, a tabbatar babu wani ginshiƙi a inda allon ba shi da huda. A haɗa babbar waya mai fil 24, da ta furosesa mai fil 8 da ke can saman allo, wadda ta yi kama da ta katin hoto amma ba ɗaya suke ba, kowace da rubutunta. Katin hoto shi ne na ƙarshe, a ramin PCIe na sama. Fankokin gaba su jawo iska ciki, na baya da na sama su fitar. Wayar sikirin kuma a bayan katin hoto ake soka ta, ba a bayan uwar allo ba.

A kunnawar farko, kwamfuta mai DDR5 tana iya yin wasu mintoci sikirin yana baƙi yayin da allon ke gwada RAM, don haka a yi haƙuri kada a kashe. Idan ta tashi, a shiga BIOS, wato saitin uwar allo, a kunna XMP ko EXPO, saitin da ke ba RAM cikakken saurinsa, domin in ba haka ba RAM da aka saya a matsayin 6000 zai tsaya a saurinsa na asali, sau da yawa 4800. A kunna Resizable BAR, saitin da ke ba furosesa damar isa ga duk ma'ajiyar katin hoto, wanda katunan Arc musamman ke dogaro da shi, a kuma tabbatar saitunan tsaro na TPM 2.0 da Secure Boot suna kunne, tunda Windows 11 yana neman TPM 2.0, wasu wasannin gasa kuma ba sa buɗewa sai da duka biyun. Bayan an ɗora Windows, a sauke direban katin hoto, wato manhajar da ke sarrafa shi, daga shafin kamfaninsa, a shiga saitin nuni a ɗaga saurin sikirin zuwa iyakarsa domin yakan tsaya a 60Hz, a kuma kunna G-Sync ko FreeSync domin hana hoto tsagewa.

Abu na ƙarshe shi ne auna zafi. A buɗe manhajar sa ido irin HWiNFO, a buga wasa mai nauyi na kamar rabin sa'a ana duba ma'aunin. Yawancin furosesan Ryzen 7000 an tsara su ne su iya kaiwa digiri 95 idan aka matsa musu da cikakken aiki, don haka ganin wannan adadi a gwaji mai tsanani ba abin firgita ba ne. Amma idan zafin ya yi tsalle zuwa can da zarar an kunna kwamfutar, ba a buɗe komai ba, to a kashe ta, a duba ko wayar fankar sanyaya tana soke a mazauninta mai rubutun CPU_FAN, a cire na'urar a duba ledar nan, a goge tsohon man, a ɗiga sabo, a sake ɗaurewa.