Darasi na Bakwai: Yadda Ake Kula da Faifan Garmaho

Toh jama'a darasin yau na waɗanda suka gaji fayafayai ne a gida, irin baƙaƙen nan masu rami a tsakiya da ake samu cikin akwatin Baba ko saman sif ɗin tsohuwa, ƙura ta lulluɓe su kowa na jin tsoron taɓawa. A Katsina da Daura gidajen da keda su sunada yawa fiye da yadda ake zato, musamman gidan tsofaffin malaman makaranta da ma'aikatan En'e da direbobin da sukayi safarar Legas. Wasu waƙoƙin dake ciki bazaka samesu a waya ba ko ka kwana kana nema, dan haka in faifan ya lalace shikenan.

Kafin ka nemo ruwa ko tsumma, fara karanta lambar dake jikin takardar tsakiya. Anan karatun da muke koyo zaiyi maka rana. Zakaga ɗaya cikin lambobi uku: 78 ko 45 ko 33. Lambar tana faɗin sau nawa faifan ke juyawa a minti ɗaya ne. Mai 78 shine tsohon yayi, na garmahon da ake wanawa da hannu, yanada nauyi kuma baya lanƙwasuwa, in ya faɗi ƙasa fashewa yakeyi, kowane gefe waƙar kaman minti 3 ce kawai. Galibinsa da wani irin ƙaro akayi shi wanda wasu ƙwari ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya, aka gauraya da garin dutse. Mai 33 kuwa babba ne, faɗinsa inci 12, kamfanin Columbia na Amurka ya fito dashi a 1948, gefe ɗaya yakan kai minti 20. Mai 45 ƙarami ne inci 7, kamfanin RCA Victor ya fito dashi a 1949. Waɗannan biyun na roba ne, basuda nauyi, suna ɗan lanƙwasuwa in ka riƙe. In takardar ta goge babu lamba, nauyi da tauri zasu gaya maka.

Dalilin da yasa na dage kan wannan shine sipirit. Akwai masu cewa a goge faifai da sipirit ɗin kemis ko sanitaiza, toh mai 78 dai sipirit narkar dashi yake, wurin yayi fari fat waƙar ta tafi kuma babu gyara. Ni a ganina ko na robar ma a bar sipirit a inda yake, tunda akwai hanyar da bata da haɗari. Kananzir da fetur da man shafawa da omo da toka duk basuda hurumi anan, kar ma a fara.

Yanzu ita ƙurar. Ɗaga faifan wajen haske ka karkata shi, zakaga siraran layuka sun zagaye shi, a gaskiya layi ɗaya ne tal a kowane gefe, ya faro daga baki yana nannaɗewa har tsakiya, kuma cikin wannan ɗan tsagin sautin yake. Allura tana bin tsagin, in ta tarar da ƙwayar yashi sai kaji ƙas ƙas, wani lokacin ta tsallake, abin haushin ma shine allurar tana tura yashin gaba yana kankare tsagin, kullum ka kunna faifai da datti kana rage masa kwana ne. Mu nan kuma kun san yadda hunturu yake, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ko ka rufe taga da ƙofa da safe zaka iya rubuta sunanka da yatsa saman tebur. Ga wata matsalar: iskar hunturu busasshiya ce, roba in aka goga ta a bushe sai ta riƙa jawo ƙura da kanta, kaman yadda yara ke goga biro a gashi ya ɗauki guntayen takarda. Shiyasa wanda ya ɗauki faifai ya murza da hannun riga ko gefen zani bai rage komai ba, ya ƙara masa ne ma, ga kuma ƙarce.

Riƙo ma abin koyo ne. Wanke hannu tukun, barin ma in ka shafa basilin saboda sanyi ko ka tashi daga cin ƙosai. Riƙe faifan ta baki da tafukan hannu biyu, ko babban yatsa a baki sauran a kan takardar tsakiya. Maiƙon yatsa in ya zauna kan layukan shi ke kama ƙura ta daskare.

Sharar yau da kullum bata da wahala. Nemi buroshi mai laushi sosai sabo, irin na kwalliyar mata da ba'a taɓa sa masa hoda ba yayi, ko ƙyallen nan mai laushi na goge tabarau. Ɗora faifan kan injin yana juyawa, ka aza buroshin a hankali ba dannawa, ya zagaya sau biyu ko uku sai ka janyo ƙurar zuwa baki. Ko yaushe bi layin a zagaye, kar ka ratsa shi daga tsakiya zuwa baki. Kar ka hura da baki, yawu na fita ko baka gani ba. Anayin wannan kafin a kunna da bayan an gama.

Wanka kuwa sai faifan da yayi datti sosai, wanda ya shekara da shekaru a ajiye ko yayi fumfuna, ba abin yi bane duk sati. Ruwan rijiya da na bohol sunada gishiri gishirin da ke barin farin tabo in sun bushe, irin wanda muke gani cikin butar shayi, kuma cikin tsagin zai zauna. Tataccen ruwa ake so, wanda masu cajin batir ke ƙarawa a batirin mota, amma dan Allah a buɗe baki a tambaya da kyau, kace tataccen ruwa zalla kake so BA mai asid ba, domin duka biyun ruwan batir ake ce masu. In bai samu ba fiya wata ya fi na rijiya, sai dai ka tsane shi da wuri. Zuba ɗigo ɗaya na sabulun ruwa na wanke kwanuka a kofi guda, ruwan kar ya zama mai zafi, zafi na karkatar da roba. Shimfiɗa tsabtataccen tawul kan tebur cikin ɗaki, ba tsakar gida ba inda iska ke kwaso ƙasa, ka fara share busasshiyar ƙurar da buroshi, sannan ka jiƙa ƙyallen ka matse ka bi layin a zagaye sannu sannu. Takardar tsakiya kar ruwa ya taɓa ta, nan sunan mawaƙi da na kamfani suke, in ta ɓare ka rasa rabin labarin faifan. Ɗauraye da wani ƙyallen da ruwa zalla, tsane da busasshe, ka jingine shi tsaye a inuwa har ya bushe sarai kafin ka maida cikin kwali. Mai 78 a gaggauta masa, kar a tsoma shi cikin roba a barshi ya jiƙa.

Akwai kuma wani iri da ba kasafai ake gani ba, wanda gidajen rediyo suka riƙa yankawa guda guda, cikinsa faranti ne na ƙarfe an shafe da baƙin fenti. In kaga fentin na tsagewa ko ɓarewa kar ka wanke, kar ma ka kunna, nemi tsohon ma'aikacin rediyo ya duba maka.

Allura itama tana tara gashi da ƙura a bakinta. Goge ta da ɗan ƙaramin buroshi daga baya zuwa gaba, ba da yatsa ba. Garmahon da ake wanawa da hannu yana aiki da allurar ƙarfe, ita wannan duk gefe ɗaya ake canza ta shiyasa aka riƙa saida su da yawa cikin 'yan gwangwanaye, kuma ko da wasa kar ka ɗora faifan 33 ko 45 kan irin wannan garmahon, hannunsa yayi nauyi, juyi ɗaya zai cinye layin.

Ajiya ce ke rage maka aikin wanki. Kowane faifai da rigarsa ta ciki da kwalinsa, in rigar ta yage sai a yanka farar takarda mai kyau ayi wata, jarida tawadarta na zuba. Jera su tsaye ɗaya jikin ɗaya, ba a kwance ana ɗora wani kan wani ba, ba kuma a karkace ba. Da bazara, Maris zuwa Mayu, zafin nan namu yana wuce digiri 40, faifan da aka bari saman sif kusa da rufin kwano ko cikin mota ko jikin taga zai kantare, kuma miƙar dashi sai an dace. Da damina a ɗaga akwatin daga ƙasa a kan benci saboda laima da gara, gara bata cin robar amma kwalin kam sai ta gama dashi tas, kyankyasai ma suna son manne da takarda. Duk wata a buɗe a duba.

Aikin gida: kowa ya nemo faifai ɗaya a gidansu ko na maƙwabta, ya rubuto lambar dake jiki da sunan kamfanin cikin littafinsa, ya faɗa mana na ƙaro ne ko na roba. Masu son lissafi kuma ku auno mana: faifan 45 in waƙar minti 4 ce, sau nawa ya juya? Wanda zai kawo nashi aji ya naɗo shi cikin kwali a jaka, kar a ɗaure shi bayan babur rana na dukansa.