Yadda zaka wanke hoton baƙi da fari a ɗakin duhu

Da farko ka toshe duk wata kafa da haske ke shiga, har ƙasan ƙofa, jan fitila kaɗai zaka kunna saboda takardar hoto bata jin jan haske. Wayarka ma ka barta waje.

Jera tire uku: dibelofa (maganin da ke fito da hoto), ruwan tsayarwa (mai tsayar da aikin dibelofa), sai fiksa (mai sa hoton ya zauna, haske ba zai ƙara ɓata shi ba), zafinsu ya kasance wajen digiri 20 na Celsius. Saka dodon hoton (wato fim ɗin da aka riga aka wanke) a injin da ke haska shi kan takarda ka daidaita har ya fito tsaf.

Kar kayi gaggawar ɓata cikakkiyar takarda don tana da tsada, yanki siriri ka haska shi sakan 5, 10, 15, 20 kana jan kwali a kansa, ka wanke kaga wane lokacin yafi.

To yanzu babbar takarda, ka haska ta daidai lokacin da ka zaɓa. Idan hoton duwatsu ne da gajimare sau da yawa sararin sama fari fes yake fitowa, sai ka tare ƙasa da tafin hannu kana kaɗa shi don kar layi ya fito, sama ta ƙara shan haske. Ansel Adams mai hotunan Yosemite a Amurka haka yake duhunta samansa.

Dibelofa kamar minti 1 in takardar RC ce (mai rufin roba) kana girgiza tire, wlh nan ne daɗin, kana kallo dutse na fitowa daga farar takarda. Tsayarwa sakan 30, fiksa minti 1 zuwa 2, ɗauraya da ruwan famfo minti 2 ka shanya a igiya.