Darasi na 7: Sauya Harshen Imel a Kwamfuta da Waya

A darasin da ya gabata kowa ya buɗe akwatin imel nasa, ya kuma tura wa na kusa da shi saƙo. Yawancinku Gmail kuka buɗe, na kamfanin Google, wanda aka fara amfani da shi a shekarar 2004, don haka da shi za mu yi misali. Yau za mu koyi sauya harshen da ake rubuta maɓallai da umarnin da ke cikin akwatin.

Wa ke buƙatar wannan? Akwai wanda ya sayi waya ta hannu a Wunti ko Muda Lawal, ya kunna ya tarar da Faransanci ko wani rubutun da bai taɓa gani ba. Akwai wadda jikanta ya karɓi wayarta yana wasa, ya dawo mata da ita a birkice. Amma waɗanda darasin nan ya fi shafa su ne da yawa daga cikinku da suka sauke Alƙur'ani, suka yi littattafai a zaure ko a Islamiyya, har Larabci ya fi Turanci zauna musu. Irin wannan mutum ba shi da dalilin wahalar da kansa, tunda Larabci yana cikin harsunan da Gmail ya tanada.

Me zai sauya, me ba zai sauya ba?

Kusan a kowane aji sai an yi wannan tambayar:

"Malama, in na mayar da shi Larabci, wasiƙar da ɗana ya aiko min daga Azare ita ma za ta koma Larabci ke nan?"

"A'a, Baba. Wasiƙarsa tana nan yadda ya rubuta ta, ko wasali ba zai motsa ba."

Rubutu iri biyu ne a cikin akwatin imel. Akwai na kamfani: sunayen maɓallai, sunan wurin da saƙonni ke shigowa, sunan wurin da waɗanda kuka tura suke, da gargaɗin da kan fito idan za ku goge wani abu. Akwai kuma na mutane, wato saƙon da aka rubuto muku da wanda kuka rubuta. Na kamfanin ne kaɗai yake sauyawa. Inda aka rubuta Inbox zai koma البريد الوارد da Larabci, ko Boîte de réception da Faransanci. Adireshinku bai sauya ba, kalmar sirrinku ba ta sauya ba, ba saƙon da zai ɓace. Wanda kuka tura wa saƙo ma ba zai san kun taɓa komai ba.

A kwamfuta

Ku shiga akwatinku kamar yadda aka koya muku. Sannan:

1. Ku dubi can sama, ɓangaren dama. Akwai wata 'yar alama zagayayya mai haƙora, kamar farantin da sarƙar keke ke hawa. Ita ce alamar saiti. Ku danna ta.
2. Wani ɗan allo zai buɗe a gefe. A samansa an rubuta See all settings. Ku danna nan.
3. Shafin da zai fito yana da rukunai jere a sama. Na farkonsu, General, shi ne yake buɗe da kansa. Layin farko a ƙarƙashinsa shi ne Language, wato harshe, da ɗan akwati a gabansa mai nuna harshen da ake kai yanzu.
4. Ku danna ɗan akwatin, jerin harsuna zai sauko. Ku zaɓi wanda kuke so.
5. Ku gangara har ƙarshen shafin, ku danna Save Changes.

Mataki na 5 shi ake yawan mantawa. Mutum zai zaɓi harshe ya koma akwatinsa, ya ga komai yana nan da Turanci, ya ce abin bai yi ba. Ya yi, ajiyewa ce bai yi ba. Shafin yana da tsawo, maɓallin kuma yana can ƙasa inda ido ba ya kaiwa sai an gangara.

Wani abin lura a mataki na 4: kowane harshe da rubutun masu shi aka rubuta sunansa. Kada ku ɓata lokaci kuna neman Larabci a cikin haruffan boko, العربية za ku nema, kuma yana can wajen ƙasan jerin. Faransanci Français ne, harshen Suwahili kuma Kiswahili. Turanci ya kasu biyu, na Ingila da na Amurka. Ku ɗauki na Ingila, shi ya yi daidai da rubutun makarantunmu.

Da zarar an koma Larabci, shafin gaba ɗaya zai juya, domin daga dama ake fara karatu. Abin da yake hagu zai koma dama, alamar saiti kuma za ta koma sama ta hagu. Ba lalacewa ba ce. Wanda ya saba da allo da tawada ma zai fi jin daɗinsa haka.

Idan kuka faɗa harshen da ba ku iya karantawa

Nan ne amfanin darasin yake. Hannu yakan zame a jerin nan, mutum ya zaɓi na sama ko na ƙasa da wanda ya yi niyya, ya ajiye, sai ga akwatinsa da rubutun Rasha ko na Sin. A nan ne ake ruɗewa, a tafi wajen mai gyara a biya kuɗi a kan aikin da bai kai minti biyu ba.

Kalmomi ne suka sauya, wuraren ba su sauya ba. Alamar mai haƙora tana nan da kamanninta a kowane harshe. Bayan kun danna ta, rubutun da ke saman ɗan allon shi ne hanyar shiga saiti. Layin farko shi ne na harshe. A jerin kuma English yana nan da haruffan da kuka sani. A ƙarshen shafi maɓallai biyu ne kusa da juna, na farko na ajiyewa, na biyu na fasawa. Idan harshen daga dama ake karanta shi, na farkon shi ne na dama. Shi ya sa muke so ku haddace wurin kowane abu, ba sunansa kaɗai ba.

Wannan saitin yana bin akwatinku ne, ba kwamfutar ba. Idan kun sauya a nan aji, gobe kuka shiga a wani shagon intanet a 'Yalwa, da sabon harshen zai buɗe muku. Masu Outlook, wato imel na kamfanin Microsoft, su ma alamar mai haƙora za su danna, su shiga General, sannan Language and time, su zaɓa su ajiye.

A waya

A waya lamarin daban ne. Ko kun bincike manhajar Gmail kaf ba za ku ga wurin sauya harshe ba, domin harshen wayar take bi. Wayar za ku sauya wa harshe.

A yawancin wayoyin Android, irin su Tecno da Infinix da itel, za ku shiga Settings, ku gangara zuwa System, sannan Languages & input, sannan Languages. A Samsung yana ƙarƙashin General management. Ku danna Add a language, ku zaɓi harshen, sannan ku ja shi da yatsa ya hau saman jerin. Wanda yake na 1 shi waya take bi. Sunayen kan ɗan bambanta daga waya zuwa waya; ku nemi alamar duniya ko harafin A.

To ina Hausa? Wayoyi da dama da ake sayarwa a Najeriya suna da Hausa a jerinsu, sai dai ba kowace manhaja aka fassara ba. Za ku iya sa wayar a Hausa ku ga saitinta ya koma Hausa, imel kuma yana nan da wani harshe. Idan manhaja ba ta da harshen farko, na biyu a jerin take ɗauka. Don haka idan kun sa Hausa a sama, ku tabbata na ƙarƙashinta harshen da kuke iya karantawa ne, Turanci ko Larabci, ba wanda tsohon mai wayar ya bari ba.

Rubuta saƙo da Hausa kuwa ba ruwansa da duk wannan. Akwatin yana Turanci ma za ku rubuta Hausarku. Masu son ɓ da ɗ da ƙ su ƙara Hausa a allon rubutu na Gboard.

Idan saƙon da aka aiko ne ba ku gane ba, wannan aikin fassara ne. Ku buɗe saƙon, ku danna ɗigo uku da ke gefensa, ku zaɓi Translate, sannan Hausa; Google ya sa Hausa cikin harsunan da yake fassarawa tun 2013. Fassarar inji takan ba da gundarin magana, amma takan yi tuntuɓe. In saƙon ya shafi kuɗi, ko aiki, ko rajistar JAMB ta yaro, a samu wanda aka yarda da shi ya karanta asalin. Kuma duk wanda zai taimaka muku sauya harshe, ku shiga akwatin da kanku ku miƙa masa. Aikin ba ya buƙatar ya san kalmar sirrinku.

Aiki

Ku zauna biyu-biyu. Ɗaya ya juya baya, ɗayan ya mayar da akwatin abokinsa wani harshen da duk ba ku sani ba, ya ajiye. Mai akwatin ya juyo ya dawo da shi da kansa, ba tare da an nuna masa ba. Sai ku yi musanya. Kafin ku tashi kowa ya fita daga akwatinsa, sannan ya rubuta matakai biyar ɗin a littafinsa da Hausarsa, da boko ko da ajami, ya zana alamar saiti a gefen na farko.