Yadda za ka gwada ruwan rijiyarka ka san abin da iyalinka ke sha

Aikina binciken duwatsu da ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma maganar da na fi ji daga bakin masu gida ita ce, "Malam, ai ruwanmu garau yake, ga daɗi a baki." Ina jin su, amma ido da harshe ba su isa shaida a wannan shari'ar ba. Dalma ba ta rina ruwa. Fuloraid, sinadarin da ke fitowa daga wasu duwatsu, ba shi da wari. Naitiret, sinadarin da ke shiga ruwa daga masai da taki, ba ya sauya ɗanɗano. Ruwan da ke barin jan tabo a jikin bokiti saboda ƙarfe ya yi masa yawa, wanda mata ke ƙorafi a kai kullum, sau da yawa ya fi wani farin tas aminci. Don haka gwaji ake yi, kuma gwajin yana da ƙa'ida, in ba a bi ta ba an yi asarar kuɗi an kuma samo takardar da ba ta faɗi gaskiya ba.

Kafin ka nemi ɗakin gwaje-gwaje, fara da ƙafarka. Tsaya a bakin rijiyar ka ƙirga taku zuwa masai mafi kusa, har da na maƙwabcin da ke bayan katanga, domin ruwan ƙasa bai san iyakar fili ba. Abin da aka saba bayarwa shi ne mita 30, wato kusan taku arba'in na babban mutum. Ka duba kuma wanne ne a tudu, wanne a gangare. Yawanci ruwan da ke kusa da sama yana bin gangaren ƙasa, saboda haka rijiyar da ke ƙasan shadda ta fi shiga haɗari a kan wadda ke samanta, ko da nisan ɗaya ne. Ana kuma son gindin ramin masai ya ɗara matakin ruwa da aƙalla mita ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma matakin damina ake nufi, lokacin da rijiya ke cika har a kusa ɗiba da hannu. A cikin tsoffin unguwannin birnin Kano ko Zariya, inda gida ke manne da gida, mita 30 ɗin nan mafarki ne. Idan a irin wurin kake, ka ɗauka ruwan rijiyarka na wanki da wanka ne har sai gwaji ya wanke shi.

Bayan masai, ka lura da kwata, bola, turken dabbobi, garejin da ake zubar da baƙin mai, gidan mai, marina, majema, wurin da ake fasa tsoffin batura, da gonar da ake zuba wa takin zamani da yawa. Rubuta su duka a takarda, domin su ne za su gaya maka abin da za ka ce a nemo a cikin ruwan.

Abu na biyu, ka san irin ƙasar da kake zaune a kanta. Mafi yawan Kano, Kaduna, kudancin Katsina da babban ɓangaren Zamfara suna kan tsohon dutse mai tauri. A nan ruwa yana zama ne a cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma tsagogin da ke cikin mai taurin. Tsaga ba ta tace ruwa yadda yashi ke yi, tana iya ɗauko ƙazanta daga nesa ta kawo ta cikin ɗan lokaci. A ƙasar Sakkwato da Kebbi, har zuwa cikin Nijar, da kuma yankin tafkin Chadi, wato Barno, Yobe da gabashin Jigawa, shimfiɗu ne na yashi da yumɓu, wani kan wani. A Maiduguri an san matakai uku na ruwa, na sama da na tsakiya da na can ƙasa, yumɓu ya raba su. Wanda ya huda yumɓun ya isa mataki na biyu ya fi samun kariya daga ƙazantar gari, muddin mai haƙa ya toshe saman ramin da siminti yadda ya kamata. Wannan toshewar ita ce abin da masu haƙa burtsatse suka fi ha'inci a kai, don ba a ganinta bayan an gama aiki. Idan za a haƙa maka, ka tsaya a kai ranar da ake zuba simintin, ka kuma karɓi takardar da ke nuna irin ƙasar da aka ratsa a kowane zurfi da inda aka sa bututu mai ramuka.

Zurfi kuwa ba shi ne tabbacin lafiya ba, domin wata gubar daga dutsen kansa take fitowa. A Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi, an haƙa rijiyar burtsatse mai zurfi a tsakiyar shekarun 1980, gari ya yi murna da samun ruwan famfo. Ruwan yana ɗauke da fuloraid fiye da kima, aka yi shekaru ana sha, ɗaruruwan yara suka tashi da lanƙwasassun ƙafafu da lalatattun haƙora kafin a rufe ta. A Langtang ta Filato da Kaltungo ta Gombe ma an san wannan matsalar. Idan ka ga yaran unguwa da aka haifa a wurin suna da tabo ja ko mai launin ƙasa-ƙasa a haƙora, ruwa ba ya tsami banza, ka sa fuloraid a saman jerin abin da za a gwada maka. A Bangaladesh haka aka yi da wata guba mai suna asenik: an haƙa miliyoyin rijiyoyi don gudun amai da gudawa, sai a shekarun 1990 aka gane abin da ke cikin ruwan.

Wanda ke zaune inda ake haƙar zinare, dalma zai fara nema. A 2010 aka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, daga baya Bagega, saboda dutsen zinaren da ake niƙawa cikin gidaje yana haɗe da dalma. Yara aƙalla 400 suka rasu. A 2015 aka sake ganin irinsa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. A waɗannan wurare yawancin gubar ta ƙura da ƙasar tsakar gida ta shiga jikin yara, saboda haka gwajin ruwa kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da ƙasar da suke wasa a kai. Wanda kuma ke kusa da Challawa, Sharaɗa ko Bompai a Kano, inda masana'antun jima da saƙa ke sakin ruwansu, ya nemi a duba masa kuromiyam, wani ƙarfe da ake amfani da shi wajen jima.

To, yanzu sai ɗakin gwaji. Ka tuntuɓi hukumar samar da ruwa da tsafta a karkara ta jiharka, wadda ake kira RUWASSA, ko hukumar ruwa ta jiha, ko sashen ilimin ƙasa ko na kimiyyar sinadarai a jami'a mafi kusa. Akwai kuma Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna. A Nijar, ofishin ma'aikatar ruwa na jiha zai nuna maka hanya. Ka je ko ka kira tun kafin ka ɗebi ruwan, ka tambaye su wace rana suke karɓa, kuma suna da na'urar auna ƙarafa masu guba ko aikawa suke yi wani wuri. Kada ka ce musu kawai "a gwada min ruwa". Ka lissafa: ƙwayoyin E. koli (alamar cewa bayan gida ya shiga ruwa), naitiret, fuloraid, ƙarfe, awon pH (wato tsamin ruwa), yawan gishirin da ya narke, sannan dalma, asenik ko kuromiyam gwargwadon abin da zagayenka ya nuna.

Ɗibar ruwan ita ce inda aka fi ɓata aiki, don haka bari in daɗe a nan. Kwalabe biyu ko uku za ka buƙata, kuma daga wurinsu za ka karɓo. Ta gwajin ƙwayoyin cuta kwalba ce da aka kashe duk wani abu mai rai a cikinta. Kada ka buɗe ta sai lokacin cikawa, kada ka ɗauraye ta, kada yatsanka ya taɓa bakinta ko cikin murfin, kada ka ajiye murfin a ƙasa. Ka bar ɗan fili a samanta don a iya girgizawa. Ta gwajin ƙarafa kuma ta roba ce, galibi sun riga sun ɗiga mata ruwan asid kaɗan don kada ƙarafan su manne a jikinta. Ita ma ba a ɗauraye ta, kuma ka kiyaye idonka da na yara. Ta sauran sinadarai ce kawai ake ɗauraya sau uku da ruwan da za a gwada, a cika ta har baki. Tsohuwar robar lemo ko jarkar da aka taɓa zuba kalanzir ba su da wuri a wannan aikin, komai wankin da aka yi musu.

Idan burtsatse ce, kada ka ɗiba daga tanki, sai dai in tankin kake zargi. Kunna inji ko a yi ta buga famfon na wasu mintuna, har ruwan da ya kwana a bututu ya fita, sabo ya taso daga ƙasa. Mu a wurin aiki muna jira ne sai awon zafi da na gishiri sun daina motsi. Cire tiyo ko tsumman da aka ɗaura a bakin famfo, ka goge shi, in na ƙarfe ne ka ɗan gasa shi da wuta, ka sake ruwan ya zuba kaɗan, sannan ka tara kwalba. Idan rijiyar guga ce, ka ɗaura kwalbar da sabuwar igiya da wani abu mai nauyi mai tsabta, ka sauke ta ba tare da ta goga bango ba, ta nutse ƙasa da fuskar ruwa amma kada ta taɓa laka. Ni nakan so a ɗebi wani daga randar gida ma. Sau da yawa rijiya lafiyarta ƙalau, moɗa da hannun yara ne ke ɓata ruwan.

Rubuta a jikin kowace kwalba wuri, rana, lokaci da zurfin rijiyar. Saka su cikin kula da ƙanƙara, ba a rana ba, ba kuma a daskarar da su ba. Ta ƙwayoyin cuta ta isa ɗakin gwaji cikin awa shida in da hali, kada dai ta wuce awa 24. Shi ya sa ɗiba da sassafe ranar Litinin ko Talata ta fi, ba ranar Juma'a da yamma ba.

Idan takarda ta fito, ga ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya, NIS 554, ta bi a yawancin wurare. E. koli, kada a samu ko ɗaya a mililita 100. Naitiret, miligiram 50 a lita. Fuloraid, 1.5. Dalma da asenik, 0.01 kowanne. Kuromiyam, 0.05. Awon pH tsakanin 6.5 da 8.5. Ƙarfe in ya wuce 0.3 zai fara rina kaya da sauya ɗanɗano, amma wannan damuwar wanki ce fiye da ta asibiti. Tarko uku nake so ka kula da su. Wasu suna rubuta sakamako da maikurogiram, wanda dubunsa ne miligiram ɗaya, saboda haka 10 a wannan awon daidai yake da 0.01. Wasu kuma suna ba da naitiret a lissafin naitirojin ɗin da ke cikinsa, inda iyakar take wajen 11 ba 50 ba. Mutum zai ga 30 ya yi hamdala alhali ya ninka iyaka kusan sau uku. Idan suka rubuta cewa ba a ga dalma ba, ka tambayi mafi ƙanƙantar abin da na'urarsu ke iya gani. In ba ta iya ganin 0.01, wannan "ba a gani ba" bai gaya maka komai ba.

Magani yana bin abin da aka samu. Ƙwayoyin cuta su ne masu sauƙi: a yashe rijiya, a zuba mata kulorin mai ƙarfi ta kwana, a kwashe ruwan, a ɗaga bakinta da bulo, a yi mata daɓen siminti mai gangarowa waje, a sa murfi, a ware guga ɗaya da ba ya taɓa ƙasa. Kafin nan a tafasa na sha. Amma tafasawa ba ta cire dalma, fuloraid ko naitiret, ƙara musu ƙarfi ma take yi tunda ruwa ne ke tafiya a tururi. Alif da garin ƙwayar zogale suna kwantar da laka, kada ka dogara da su a kan guba. Ruwan da naitiret ya yi wa yawa kada a dama wa jariri madara da shi ko kaɗan, domin yana hana jininsa ɗaukar iska har leɓɓansa su yi shuɗi. Fuloraid ana rage shi da gawayin ƙashin shanu da aka ƙona ta hanya ta musamman, kamar yadda ake yi a Kenya da Habasha, ko a gauraya ruwan da na sama da aka tara cikin tsabta. Dalma da asenik kuwa shawarata a bar shan ruwan nan take, a kai yara asibiti a auna jininsu ko fitsarinsu, a sanar da mai unguwa da hukumar lafiya, domin da wuya rijiya ɗaya ce kawai abin ya shafa.

Gwaji ɗaya yana nuna halin ranar da aka ɗiba ne kawai. Ka yi ɗaya a ƙarshen rani, wajen Afrilu, lokacin da ruwa ya ja baya sinadarai suka taru, ka yi wani a tsakiyar damina, wajen Agusta, lokacin da ƙazantar sama ke gangarawa ƙasa. Daga nan na ƙwayoyin cuta da naitiret sau ɗaya a shekara ya wadatar, sai kuma bayan ambaliya, bayan an gyara famfo, ko in maƙwabci ya haƙa sabon masai. Idan kuɗin ya yi wa gida ɗaya nauyi, gidajen da ke sha daga rijiya ɗaya su yi karo-karo, a ajiye takardun wurin mutum ɗaya tare da ranakunsu, don a iya kwatanta na bana da na bara.