Darasi: Neman Diyya Idan Ka Ji Rauni a Wurin Aiki

Duk wanda ya ji rauni yana bakin aikinsa yana da haƙƙin a yi masa magani, a kuma biya shi wani abu na kwanakin da ya kasa fita aiki. Wannan shi ake kira diyyar ma'aikaci. Doka ce ta tanade ta, don haka mai nemanta ba roƙo yake yi ba.

A da, idan inji ya cinye wa ma'aikaci hannu, sai ya kai ubangidansa kotu, ya tabbatar cewa laifin ubangidan ne, sannan ya samu wani abu. Ina talaka zai iya wannan? Jamus ce ta fara gyara lamarin a shekarar 1884, zamanin shugaban gwamnatinta Bismarck, da ta wajabta wa masu masana'antu biyan inshorar haɗari saboda ma'aikatansu. Ingila ta yi tata dokar a 1897. A 1964 kuma Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da yarjejeniya mai lamba 121 a kan raunin wurin aiki. Yau a yawancin ƙasashe ba a tambayar laifin wane ne. Ko kai ne santsi ya kwashe don ba ka duba gabanka ba, haƙƙinka yana nan. Abin da kan hana diyya shi ne a samu mutum yana cikin maye, ko da gangan ya ji wa kansa ciwo.

To, me za ka yi ranar da abin ya faru? Da farko dai magani, rai ya fi komai. Amma da ka shiga wajen likita, ka gaya masa a fili cewa a wurin aiki ka ji wannan ciwo, ka faɗi yadda aka yi, ka roƙe shi ya rubuta haka a kati. Abin da likita ya rubuta ranar farko yana da nauyi ƙwarai, domin shi masu inshora za su fara dubawa.

Sai sanar da shugabanka na wurin aiki, kuma a nan ne mutane da yawa suke yin asara. Ga ma'aikaci ya sunkuya ya ɗaga kaya mai nauyi, ya ji bayansa ya yi ƙas. Ya ɗan tsaya, ya dafe ƙugu, ya ci gaba da aiki, don kada a ce masa rago, ko don tsoron a sallame shi. Bayan 'yan makonni ya kasa tashi daga kan gado. Da ya je neman diyya sai a tambaye shi: ina shaidar cewa a wurin aiki abin ya same ka? Babu. Wannan abu yana ci mini rai, saboda mutumin gaskiya yake faɗa, takarda ce kawai ba shi da ita. Don haka ko ciwon ya yi maka kamar ƙarami, ka sanar a ranar. Kowace ƙasa tana da wa'adin da ta sa na sanarwa, wani wurin 'yan kwanaki ne kacal, kuma idan ya wuce ana iya ƙin sauraronka.

Faɗa da baki bai wadatar ba, a rubuce za ka sanar. Ba sai ka iya dogon rubutu ba. Layi huɗu sun isa:

Ranka ya daɗe, ni ne (sunanka).
Ranar (kwanan wata), da ƙarfe (lokaci), na ji rauni a (wurin da abin ya faru).
Ina (aikin da kake yi), sai na ji ciwo a (inda ka ji ciwon a jikinka).
Waɗanda suka gani su ne (sunayensu).

Ka sa hannu, ka yi kwafi biyu. Ka ba shugabanka ɗaya, ka sa ya rubuta ranar da ya karɓa a kan ɗayan, ka tafi da shi gida. Idan kana da waya, ka ɗauki hoton takardar, da na raunin, da na wurin.

Daga nan akwai fom ɗin neman diyya, wanda ake cikewa a kai wa hukumar diyya ko kamfanin inshora. A wurare da yawa ubangida ne ke kai rahoto, amma kada ka zauna jira, ka riƙa tambaya har ka ji lambar fayil ɗinka. Ka samu jaka guda ka riƙa zuba komai a ciki: katin asibiti, hoton ƙashi, rasidin magani, takardar albashi, da takardar hutun da likita ya ba ka.

Ka kula da wannan sosai: kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba ka san abin da ke cikinta ba. Idan karatunka bai yi ƙwari ba tukuna, babu abin kunya, ka ce a ba ka ita wani da ka amince da shi ya karanta maka. Wasu akan miƙa musu 'yan kuɗi a ambulan tare da takardar cewa magana ta ƙare. Kuɗin su ƙare, ciwon yana nan.

Diyyar kan ƙunshi kuɗin magani da wani kaso na albashi muddin kana jinya. Yarjejeniyar 1964 ta sa kashi 60 cikin 100 a matsayin mafi ƙaranci ga mai iyali da ya kasa aiki. Wanda ya naƙasa akan biya shi gwargwadon naƙasar, idan kuma rai ya yi halinsa, iyalinsa ake ba. Cutar da aiki ya jawo a hankali, kamar ciwon huhu daga shaƙar ƙura ko kurumta daga ƙarar inji, ita ma tana ciki.

Idan aka ƙi biyanka, ka nemi a ba ka dalili a rubuce, domin ana ɗaukaka ƙara, shi ma da nasa wa'adin. Ƙungiyarku ta ƙwadago, ko ofishin ƙwadago na gwamnati, ko lauya, za su iya tsaya maka.

Aikin aji: Ka ɗauko littafinka ka kwafi layukan nan huɗu na sama. Ka cike su kamar yau ne ka faɗo daga kan tsani a wurin aiki. Idan ka gama, ka karanta wa na kusa da kai, shi kuma ya duba ko ka sa rana, da lokaci, da wuri, da shaidu.