Kurakuran da ayari ke yi a kwazazzabon Narrows

Narrows wani matsattsen kwazazzabo ne a gandun Zion da ke jihar Utah ta Amurka, inda kogin Virgin ya tsaga dutse. Bangon ya kai tsayin ƙafa 1,000 a wasu wuraren, faɗin kuwa wani lokaci bai wuce ƙafa 30 ba. Kogin shi ne hanyar, a cikin ruwa ake tafiya. Masu zuwa a ayari tsakanin Maris da Mayu kusan kurakurai iri ɗaya suke maimaitawa.

Babba a ciki shi ne duba sama a manta da kogi. Gari ya yi haske, rana ta fito, sai a ɗauka hanya lafiya. Alhali a wannan lokacin ne dusar ƙanƙarar kan duwatsu ke narkewa tana gangarowa, zafin ranar ma shi ke ƙara ruwan. Hukumar gandun tana rufe hanyar idan gudun ruwa ya haura kimanin lita 4,200 a daƙiƙa ɗaya, wata shekarar a shafe makonni a rufe. Gyaran: a duba sanarwar hukumar da safiyar ranar, a kuma tanadi wata hanyar ta kan tudu tun daga gida, kada kuɗin jirgi da na masauki su sa a yi taurin kai.

Haka ambaliya. Duk wanda ya taɓa ganin ƙorama ta ciko babu ɗigon ruwa a garinsu ya san zancen: ruwan can nesa ya sauka. A watan Satumba na 2015 ambaliya ta kashe mutum bakwai 'yan ayari ɗaya a kwazazzabon Keyhole, cikin wannan gandun. Da kun ga ruwa ya fara yin ja, ko karmami na yawo a kansa, ku nemi tudu nan take.

Sai sutura. Ruwan ƙanƙara ne, kuma rana ba ta cika leƙawa ƙasan ba. Wandon jins da rigar auduga suna jiƙewa su riƙe sanyi. A garin Springdale da ke bakin gandun ana ba da hayar wandon da ruwa ba ya ratsawa, da safar roba, da takalmi, da sanda. Sandar nan matasa ke rainawa, su ne kuma ke fara faɗuwa, don duwatsun ƙasan sulɓi gare su.

Kada a sha ruwan kogin ko da an tace. Tun 2020 hukumar ke gargaɗi kan gansakuka mai guba a cikinsa.

Ayari kuma kan warwatse. Masu ƙarfi su yi gaba, a bar dattijo da mai ɗaukar hoto a baya, waya ba ta kamawa. A sa mafi rauni kusa da gaba, wanda ya san hanya a ƙarshe. Daga Temple of Sinawava, inda bas ɗin gandun ke sauke masu shiga kwazazzabon, zuwa Big Spring, maɓuɓɓugar da ake juyowa daga ita, da dawowa kusan kilomita 15 ne, kuma ba dole a kai ƙarshe ba. A tsayar da lokacin juyowa kafin kowa ya sa ƙafa a ruwa, domin wanda bas ɗin ƙarshe ya bari, tafiyar fiye da kilomita 10 ke jiransa cikin duhu da jiƙaƙƙen kaya.